"Muna Godiya ga Mutanen Ƙauyen": Taƙaddama Kan Sunayen da Suka Faɗi Daga Wani Bincike a Ƙasar Haɗeja

Da hannu aka rubuta takardar ƙorafin, a fallayen littafin makaranta, shafi biyu da rabi. Wanda ya rubuto malamin firamare ne a wani ƙauyen masunta a ƙasar Haɗeja. Bai zagi kowa ba, bai kuma nemi ko kwabo ba. Ya dai jera ayyukan da ya yi wa wasu masu bincike na sashenmu a jami'a tun daga kaka har ruwa ya janye, sannan ya rufe da tambaya guda: a wane layi na maƙalar da aka buga aka sa shi? Ya ce ya duba sama bai ga kansa ba, ya duba ƙasa ya tarar ana godiya ga "mutanen ƙauyen" saboda haɗin kan da suka bayar. Shi kuwa a saninsa, yawancin mutanen ƙauyen ko sallama ba ta taɓa haɗa su da masu binciken ba.

Aka kafa kwamitin mutum uku, aka sa ni ciki saboda ni ɗan yankin ne, kuma ba ni da suna a maƙalar. Mun yi alkawarin ba za mu fitar da sunan kowa ba, ko na ƙauyen, ko na jami'ar, don haka da muƙamansu zan riƙa kiran su. Na san akwai abin dariya a nan: rubutu ne kan ɓoye suna, ga shi ni ma ina ɓoyewa. Bambancin dai shi ne, wannan karon sai da aka tambaye su.

Asalin aikin

Wanda ya san bakin kogin Haɗeja shekaru arba'in da suka wuce ya san ruwan yau ba shi ne na jiya ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗa a fadama duk shekara ta ragu, lokacinta kuma ya rikice. Ciyawar kacala ta sami wuri ta toshe hanyoyin ruwa, wuraren da ake tura kwale-kwale a da yanzu sai da adda. Su, wato kamun kifi, ya ja baya, samari suka kama acaba da cirani. Idan sana'a ta yi rauni, kalmominta ne ke fara mutuwa, domin yaron da bai taɓa ɗana mali, wato tarkon kifi, ba ba shi da dalilin sanin sunayen sassansa. Mu 'yan wannan yanki ba sai an ba mu labarin mutuwar harshe daga nesa ba. Garin Auyo yana nan daram, amma harshen Auyakawa ya riga mu gidan gaskiya.

Wannan ne ya sa wani Dakta a sashenmu ya nemo ɗan tallafi don ya tattara kalmomin kamun kifi: sunayen kifaye, kayan aiki, yanayin ruwa, da maganganun da masunta ke yi a tsakaninsu. Niyya ce mai kyau, kuma har yau ban canza ra'ayi a kan hakan ba. Shi ya rubuta takardar neman tallafin. Farfesa, shugaban sashe a lokacin, ya sa hannu ya kuma ba da wasiƙar gabatarwa zuwa ga hakimi. Ɗalibin Dakta mai neman digiri na biyu, haifaffen birnin Kano, shi aka ɗora wa zirga-zirga. Su ukun nan ne sunayensu suka fito a saman maƙalar, Farfesa a gaba.

A ƙauye kuwa, dagaci ya haɗa su da malamin firamaren nan, mai takardar NCE a Hausa, ɗan gidan masunta. Dakta ya je sau uku, bai taɓa wuce kwana biyu ba. Ɗalibin ya fi shi zuwa. Farfesa bai taka ƙauyen ba ko sau ɗaya, kuma shi da kansa bai musa ba. Sauran kwanakin duka Malam ne da rikoda a aljihu, daga an tashi makaranta sai bakin ruwa. Shi ya zaɓi waɗanda za a yi hira da su, shi ya naɗi muryoyin, shi ya zauna da dare da fitilar caji yana saurare yana rubutawa, har ya cika littattafai uku masu kauri. Mun ga littattafan. A gefen kowane shafi akwai ɗan bayaninsa da jan biro: wannan tsofaffi ne kawai ke faɗa, wannan Barebari suka kawo, wannan da wasa ya faɗe ta kada a ɗauka.

Ranar da Baba ya ture littafin hotuna

Abin da ya faru a zuwan Dakta na biyu shi ne zuciyar lamarin, kuma duk wanda muka tambaya, har Daktan, ya ba da labarin iri ɗaya.

Dakta ya zo da wani littafin kifaye mai hotuna, da jerin tambayoyi da aka tsara tun daga ofis. Dabarar ita ce a nuna hoto, masunci ya faɗi suna, a rubuta a gaban sunan kimiyya. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar tsamiya, aka kira wani dattijo da kowa a ƙauyen ke kira Baba, wanda ya haura saba'in, kuma tun yana ɗan shekara bakwai yake bin mahaifinsa ruwa. An buɗe shafi biyar ko shida yana amsawa da ƙyar, sai ya sa bayan hannu ya ture littafin.

"Malam," ya ce wa malamin firamaren, don shi yake kallo ba baƙin ba, "gaya musu wannan ba kifi ba ne, gawar kifi ce. Ni ban san kifi a kwance a takarda ba. A tambaye ni inda yake kwana."

Daga nan ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Ya ja layi ya ce nan tsakiyar ruwa ce, nan gefen ciyawa, nan laka. Ya sa gaiwa a laka, ya ce ita idan ruwa ya ƙafe binne kanta take yi ta jira damina, sai an haƙo ta kamar rogo. Ya sa bargi a ciyawa, ya kwatanta yadda yake share wuri ya yi gida zagayayye ya zuba ƙwai. Ya ware masu ɓawo daban, marasa ɓawo irin su tarwaɗa da kurungu daban, ya keɓe minjirya ita kaɗai yana dariya, ya ce wannan ba a gaisawa da ita da hannu. Sannan ya bi kowane rukuni ya faɗi abin da ake kama shi da shi, wanne ne na koma, wanne na birgi, wanne sai mamari, wanne mali ke tarewa, da lokacin da kowanne ke fitowa, ruwa na hawa ko yana sauka. Aka yi la'asar, aka dawo ya ci gaba har magariba. Malam ya ɗauki hoton zanen da wayarsa kafin awaki su tattake shi.

Da muka buɗe maƙalar muka ajiye ta kusa da wannan hoto, babu wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Babban abin da maƙalar ta zo da shi, wanda aka yi ta yabo, shi ne cewa masuntan yankin ba da kamannin jiki kaɗai suke rarrabe kifi ba, da mazauninsa da lokacinsa da abin kama shi suke yi. Jadawalin da ke tsakiyarta zanen Baba ne, an dai miƙe layukan da kwamfuta. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa daga "binciken fili" aka samo.

Gudummawar Malam ta fi wuyar nunawa da yatsa, domin gyara ce, kuma gyara idan ta yi kyau ba a ganin ta. Misali ɗaya ya isa. Ɗalibin ya juya jerin kalmomin zuwa Turanci daga rubutu, ba daga murya ba, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Da ya iso kan "gora" sai ya fassara ta da sandar nan ta gora, ya rubuta cewa masunci yana dogara ta cikin ruwa. Malam ya gani a wata takarda da ɗalibin ya bari a ɗakinsa, ya kira shi a waya ya ce ba gorar da ake dukan jaki da ita ba ce, goran nan ne babba na duma da masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo, yana jefa kifin da ya kama a cikinsa. Ɗaya mace, ɗaya namiji, kuma muryarsu ba ɗaya ba ce. Daga wannan ranar ne aka yanke shawarar sa alamar karin sauti da tsawon wasali a kan kowace kalma, kuma Malam ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana furtawa ana sawa. Maƙalar ta yi alfahari da wannan a gabatarwarta.

Akwai kuma mutum ta uku da takardar ƙorafin ba ta ambata ba, mu muka gano ta a cikin muryoyin. Wata dattijuwa ce mai bandar kifi, Malam yana kiran ta Inna. Duk kalmomin gyaran kifi, da banda, da irin itacen da ke ba da hayaƙi mai kyau, da yadda ake ciniki da dillalai, daga bakinta suka fito. Matar Malam ce ta shiga da rikodar cikin gida, tun da ɗalibin ba shi da hanyar shiga. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maƙalar ke nan.

Abin da kowa ya ce

Dakta bai zo mana da girman kai ba. Ya zo da hujjoji uku, kuma ya yi imani da su.

Ta farko, an biya. Malam ya karɓi alawus kowane wata, Baba da Inna an ba su abin goro, akwai takardun sa hannu. A ganinsa wanda aka ɗauka aiki aka sallame shi, hakkinsa ya fita. Na tambaye shi ko shi ma ba a biyan shi albashi, kuma ko albashin ya taɓa hana sunansa hawa maƙala. Ya yi murmushi bai amsa ba. Kuɗi ladan wahala ne da lokaci. Suna kuwa shaida ce ta cewa wannan tunani daga wane ya fito, kuma ba na jin akwai farashin da zai mayar da zanen Baba ya zama na wani.

Ta biyu ta fi ƙarfi. Takardar amincewar da aka ba mutane suka dangwala yatsa ta yi alkawarin ba za a bayyana sunan kowa ba. Dakta ya ce da ya sa suna, da ya karya alkawari. Muka nemi takardar. Da Turanci take, kuma kowa na iya gane cewa daga binciken asibiti aka aro ta, inda ɓoye sunan majinyaci kariya ce gare shi. Wanda ya faɗi ciwonsa yana bukatar a rufa masa asiri. Wanda ya faɗi iliminsa fa? Ba a ba kowa zaɓi ba, ba a ce kana so a ambace ka ko ba ka so ba. Malam ne ya fassara musu ita a tsaye, shi kansa kuma ba a ba shi ko ɗaya ya cika ba, domin ba a lissafa shi cikin waɗanda ake bincike a kansu ba. Ba a kuma lissafa shi cikin masu binciken ba. A tsakani ya faɗa.

Ta uku ita ce ƙa'ida. Ya kawo sharuɗɗan nan huɗu na kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, waɗanda mujallu da yawa a wasu fannoni ma suka ara: mutum ya ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun ko ya yi masa gyara ta ilimi, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kansa. Ya ce Malam ya cika na farko, amma bai rubuta ko jimla ɗaya ba, bai ga daftarin ƙarshe ba, saboda haka bai cika sauran ba.

Ɗaya daga cikinmu, wata Malama da ta daɗe tana aikin edita, ta ce masa ya karanta gaba kaɗan. Kwamitin da ya kafa sharuɗɗan ya faɗa a fili cewa ba a yi su don a hana abokin aiki shiga ba, duk wanda ya cika na farko a ba shi damar cika sauran. Wa ya aika wa Malam daftari ya ƙi dubawa? Babu. An rufe ƙofa ne, sannan aka ce bai shigo ba. Ta ƙara da cewa wannan ƙa'idar dai ita ce ta ce samo kuɗi ko shugabancin sashe su kaɗai ba sa mayar da mutum marubuci. Ɗakin ya yi tsit, don kowa ya san wanda maganar ta taɓa.

Farfesa ya karɓe mu da fara'a a ofishinsa. Ya ce shi bai nemi a sa shi ba, yaran ne suka sa don girmamawa, kuma ya karanta daftarin ya gyara wasu wurare. Gyaran da muka gani na waƙafi ne da aya. Ɗalibin kuwa, da muka keɓe da shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na faɗa wa Dakta a sa Malam. Ya ce sunaye sun yi yawa."

Kada mai karatu ya ɗauka mugunta ce. A jami'o'inmu da yawa ƙarin girma da maƙala ake samun sa, kuma makin maƙala raba shi ake yi gwargwadon yawan marubuta da matsayin sunan mutum a jeri. Duk sunan da aka ƙara, rabon kowa ya ragu. Sunan Farfesa yana rage maki amma yana sayen zaman lafiya. Sunan malamin firamare yana rage maki, kuma ba ya zama a kwamitin ƙarin girman kowa. Lissafin a bayyane yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan gardin ma wani babban gardi ne ke karɓe masa rabi.

Tsohon ciwo ne a nazarin Hausa. Dorugu, yaron da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya tafi da shi Turai a 1855, shi ya zauna ya yi ta ba wani ɗan mishan mai suna Schön labarai da Hausa, kuma da maganarsa aka gina babban ɓangare na littafin Magana Hausa da ya fito a 1885 da sunan Schön. Ƙamusun Hausa na Baturen nan Abraham na 1949 ya fito da sunan Malam Mai Kano tare da nasa, amma bugu na biyu na 1962 da sunan Abraham kaɗai aka san shi. Mun saba kawo waɗannan misalai a aji muna girgiza kai, muna cewa halin Turawa ne. Ban taɓa tsammanin zan zauna a kwamiti ina duba irin wannan tsakanin Bahaushe da Bahaushe ba, tazarar kawai ta birni da ƙauye ce, da ta mai digiri da mara shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba mu da uzurin rashin sani, domin al'adar karatunmu ta fi kowa tsanani a wannan fanni. Almajirin da ya sauke littafi a zaure ya san wajen wa ya karanta, malaminsa kuma ya san nasa malamin, ijaza ma silsila ce ta sunaye. Ba a karɓar hadisi sai da isnadi. Mai kwafar littafi da hannu yakan sa sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a, bai ce shi ya wallafa ba, amma bai ɓace ba. Marubutan waƙoƙi sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe. Wato tun da can muna da gurbin mawallafi, da na mai ruwaya, da na mai kwafa, kowa da wurinsa. A wajen boko ne muka matse su duka zuwa gida biyu, marubuci a sama, godiya a ƙasa. Su kansu masu bokon sun ga matsin ya yi yawa, shi ya sa aka fito da tsarin CRediT mai rabe-raben gudummawa 14, inda ake rubuta wa ya tsara, wa ya tattara, wa ya tantance, wa ya rubuta. Masu aikin fassarar na'ura ta harsunan Afirka na ƙungiyar Masakhane kuma sun fitar da maƙala a 2020 da jerin marubuta mai tsawo, suka ƙi ware wasu a matsayin masu kawo bayanai kawai. Ana yi, idan an so.

Ta fuskar doka ba mu sami abin riƙewa sosai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mawallafi 'yancin a danganta masa aikinsa, ta kuma kare abubuwan gargajiya irin su tatsuniya da waƙa, amma babu wanda ya mallaki kalmar "tarwaɗa", kuma Malam bai ce zai je kotu ba. Maganar ta ladabin ilimi ce.

Komawa ƙauye

Kafin mu rubuta shawara, Malamar nan ta dage sai mun je mun tambayi mutanen da kansu. Ni na ɗauka ɓata mai ne, don a ganina amsar a fili take, a sa sunan kowa a huta. Ashe da na yi irin kuskuren Dakta ta ɗaya gefen.

Malam yana son sunansa a sama, kuma ya faɗi dalili ba kunya. Yana neman gurbin ƙaro karatu, maƙala ɗaya da sunansa za ta yi masa abin da wasiƙar yabo goma ba za su yi ba. Ya ce ƙaninsa da ke jami'a ne ya turo masa maƙalar ta WhatsApp yana taya shi murna, a zatonsa zai ga sunan yayansa. "Wannan murnar ce ta fi yi mini ciwo," in ji shi.

Inna ta aiko matar Malam da amsa daga cikin gida. Ba ta so. Ta ce sunanta ba na yawo a takarda ba ne, 'ya'yanta maza ba za su ji daɗi ba, ita ma ba za ta ji ba. Amma kada a ce "mutanen ƙauyen", domin ba mutanen ƙauyen ne suka shekara arba'in a bakin hayaƙi ba. A ce wata mai banda ce, mace, kuma a faɗi cewa a wajen kakarta ta koya. Sannan ta ce akwai wani wuri a cikin muryar inda ta faɗi yadda take yi wa dillalai wayo, a goge shi. Wannan wurin yana cikin maƙalar, an ma kawo shi a matsayin misali mai ban sha'awa.

Baba muka tarar yana ɗinkin koma. Na karanta masa jadawalin da Hausa, layi-layi, abin da ya ɗauke mu ƙasa da awa ɗaya, wanda kuma ya rushe zancen cewa mutumin da bai iya Turanci ba ba zai iya amincewa da daftari ba. Ya saurara ido a rufe. A wuri biyu ya ɗaga hannu. Ɗaya kuskuren bugu ne. Ɗayan kuwa an sa wani kifi a lokacin hawan ruwa alhali na saukarsa ne, kuma wannan kuskure ya wuce ta hannun Dakta da Farfesa da masu tantancewa biyu na mujallar.

Na ce, "Baba, ana so a sa sunanka a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta."

Ya ce, "Ni ban rubuta ba, ɗana. Kada a yi mini ƙarya ko da ta alheri ce. A ce ni na faɗa."

Shawararmu ta bi abin da suka ce. A rubuta wa mujallar a nemi gyara: a ƙara Malam cikin marubuta, a rubuta a ƙarƙashin jadawalin cewa tsarin na Baba ne da cikakken sunansa, a gyara lokacin kifin nan, a cire maganar Inna kan dillalai, a bayyana ta yadda ta zaɓa. A ƙara sakin layi mai faɗin abin da kowa ya yi. A sake takardar amincewa ta sashen, a yi ta da Hausa, boko da ajami, da zaɓi uku: a ambace ni, a sakaya ni, ko a tambaye ni kuma idan an gama. Muryoyin da aka naɗa kuma a ajiye kwafinsu a ƙauyen, kowace da sunan mai magana idan ya yarda.

Ba duka aka samu ba. Editan ya karɓi gyaran jadawalin da ambaton Baba ba tare da gardama ba, ya kuma cire maganar Inna daga bugun intanet, amma wanda aka riga aka buga a takarda ya fita ke nan. Ƙara marubuci bayan bugu ya ce sai duk marubutan farko sun sa hannu, aka yi wata huɗu takardar tana kan teburin Farfesa kafin ta dawo. Sunan Malam ya shiga, na huɗu. Sunan Farfesa yana nan na ɗaya. Mun rubuta a rahotonmu cewa bai cika sharuɗɗan ba, aka karɓi rahoton aka gode mana, aka sa a fayil. Ni ma ban sake tayar da maganar ba, kuma ba zan ce don na gamsu ne ba. Dakta bai yi mini magana ba har ƙarshen zangon karatu, amma ƙaramin ƙamusun da suke shiryawa yanzu na ga daftarin bangonsa, sunan Malam ne a farko.

Da na koma kai wa Baba kwafin da aka gyara, na nuna masa inda sunansa yake, ya sa yatsa a kai ko da yake boko ne. Sai ya ce ai ba a gama ba. Rabon kifi da mazauni ba shi ya ƙago ba, wajen mahaifinsa ya ji, mahaifinsa kuma wajen wani Sarkin Ruwa da ya yi zamani kafin a haife shi, wanda shi ma an ce daga gabas iyayensa suka zo. Ya faɗi sunaye huɗu a jere, ya sa ni na maimaita har sau biyu don kada in juya su. Na rubuta su a bayan ambulan ɗin da na kawo takardar a ciki. Na duba fom ɗin mujallar daga farko har ƙarshe ban ga gidan da za su shiga ba, sai na miƙa wa Malam ambulan ɗin, ya ce zai sa su a shafin farko na ƙamusun, kafin gabatarwa.